Yarinyar da ta zo gidana da jakarta

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, tare da lauyan da ke amsa mana tambayoyi. Sunana Hajara, ina ɗinki a Bukan Sidi.

Wata safiya ina kan keken ɗinki sai ga Ladidi, ƙawar 'yata, ɗauke da jakar kayanta. Marainiya ce 'yar shekara goma sha biyar, tana zaune wurin kawunta a Shabu. Ta ce, "Mama, Kawu ya ce in bar makaranta in koma gona. Ni ba zan koma gidan ba."

Na zuba mata abinci, amma hankalina bai kwanta ba. Maigidana ya ce, "Hajara, yarinya ce ƙarama. Idan suka ce sace ta muka yi fa?"

Ban kore ta ba, ban kuma ɓoye ta ba. Na kira kawun a waya, muka haɗu gaban mai unguwa. A fusace ya zo, amma da Ladidi ta fara magana tana kuka, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce ba mugunta ba ce, ciwon baya ya hana shi noma, kuma ba shi da mataimaki. Aka yi sulhu: lokacin karatu ta zauna wurina, in an yi hutu ta je ta kama masa aiki.

Tambayata ga lauya, wannan yarjejeniyar ta baki ta isa a doka, ko sai mun rubuta?

Ina gaida kawun Ladidi. Jiya da kansa ya kawo mata sabon takalmin makaranta.