Gawon da Aka Ɗaure Babana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Hajiya Rabi ce daga Matameye.

Ina yarinya, zamanin Nasara, kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya raba irin gyaɗa, ya ce dole kowa ya shuka. Shekarar yunwa ce, sai innarmu ta soya mana namu muka cinye. Da gardi, dogarin kumandan, ya zo ya tarar gonarmu ba ko tsiro, ya ɗaure babana a jikin gawo, ya yi ta zabga masa dorina har jini ya jiƙa wandonsa. Babana bai ambaci inna ba. Hannunsa bai ƙara riƙe hauya ba.

Yau jikana zai bar hatsi, ya cika gonar nan da gyaɗa, wai ita ke kawo kuɗi. Gawon yana nan tsaye. Jama'a, ku gaya mini, in zuba wa jikan nawa ido?