Saratu Ba Ta Samu Mai Jinya Ba

'Ya'yana ɗalibai, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku.

Sunana Istifanus. Dakon doya nake yi a kasuwa, a Abbare nake zaune. Ban yi makaranta ba, ban kuma iya doguwar magana ba. Shugabanku ya ce in zo in faɗi abin da Ubangiji ya yi mini. Zan faɗa, har da wanda ba daɗin ji.

Rikici ne ya koro mu daga ƙauye, ni da matata Saratu. Dangi suka watse, kowa ya yi ta kansa. A Jalingo ba mu da kowa. Wata rana muna dawowa daga ƙwadago a bayan motar doya, motar ta kife da mu. Ni ƙafa ta karye. Ita ƙugu. Aka kwantar da ni a ɗakin maza, ita a ɗakin mata.

Wanda bai taɓa kwanciya a asibiti ba bai san wannan ba. Likita zai duba ka, nas za ta yi maka allura. Amma ɗebo ruwa, da juya ka, da zubar da fo, aikin mai jinyarka ne. Kowane gado da tabarmar mai jinya a gefensa. Nawa babu. Nata ma babu.

Ran Lahadi ɗalibai irinku suka shigo. Suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka ajiye mini sabulu. Wani dogo a cikinsu ya ce, "Baba, Yesu yana ƙaunarka."

Na ce, "To, madalla. Shi zai yi mini wanka da sabulun?"

Suka wuce gado na gaba.

Da suka fita na juya fuska bango. Na ce, "Yesu, in kana ji na, turo mini hannu. Baki kam na ji, ya ishe ni." Iyakar addu'ar ke nan.

Washegari sai ga dogon nan da bokiti. Ayuba sunansa. Ya ce, "Baba, na zo amsa tambayarka ta jiya."

Ya Ubangiji! Da ya ɗaga zanen da na rufa da shi, sai da ya fita waje ya yi amai. Ya kurkure baki, ya dawo. Na ce, "Ɗana, ba ka iya ba." Ya ce, "Ai shi ya sa za ka koya mini."

Da ya gama na ce, "Ni ka bar ni. Je ka ɗakin mata, matata ta fi ni jin jiki."

Ya je, ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce, "Baba, namiji ba ya jinya a can. Mama ma ta ce ta gode, amma ba za ta buɗe jikinta gaban ɗan wani ba."

Ya roƙi 'yan matan zumuntarsu. Suka ce da zarar sun gama jarrabawa za su zo. Ba mugunta ba ce, gani suke akwai lokaci. Masu jinyar wasu sukan taimaka mata in sun samu sarari, amma kowa da nasa marar lafiya. Ba mai juya ta kullum. Bayanta ya yi gyambo, zazzaɓi ya shiga.

Ranar da 'yan matan suka zo da kunu da sabon zane, wata suka tarar a gadon. Suka zo wurina suna kuka. Saratu ta riga ta rasu. Su Ayuba ne suka binne ta, ni ina kwance. Ko fuskarta ban gani ba.

Na warke. Ga ni tsaye da ƙafafuna, Halleluya! Zuciyar ce ta daɗe. Na yi fushi da Allah, na yi fushi da duk mai waƙa a coci. Ayuba bai yi mini wa'azi ba, zuwa kawai ya ci gaba da yi, har wata rana na ji nauyin ya sauka. Na yafe. Amma har gobe in na zauna cin tuwo, nakan tuna ni na samu mai jinya, ita ba ta samu ba.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar mutum mai ɗacin baki. Ku dogara gare shi, yana ji. Sai dai da ƙafar mutum yake shiga ɗakin marasa lafiya. Ku 'yan mata, da ku nake musamman, domin akwai ƙofar da ku kaɗai za ku iya shiga. Yau ɗin nan akwai wata a kwance a garin nan, ba ta iya juyawa. Ku je yau.

Amin.