Zanen Fafaroma a Ƙasa

A tashar motar Zing da ke Jalingo, Mama Saraya ta shimfiɗa zanen coci mai hoton Fafaroma a ƙasa, ta kwantar da jikarta mai zazzaɓi. Wani saurayi mai carbin rozari a wuya ya tsaya a kanta.

"Mama, fuskar Uba Mai Tsarki fa kika sa a ƙasa."

"Na gani, ɗana. Ni ba makauniya ba ce."

"Haba! Ke ba 'yar Katolika ba ce?"

"Tun ba a haife ka ba. Da ƙuruciyata ko ruwa ba na bari ya taɓa zanen nan. Da aka ƙona ƙauyenmu, na manna kunne a rediyo ko Fafaroma zai ambaci sunanmu. Shiru. Na yi shekaru ba na son ganin fuskar nan."

"Ramuwa kike yi ke nan?"

Ta gyara kan yarinyar a ƙirjin hoton.

"Fushin ya wuce. Ashe shi ma tsoho ne kamar ni, kunnensa ba ya kai nesa. Ba makiyayi kuke ce masa ba? Matsa, bari yau ya ɗauki tunkiya ɗaya."