A Bar Miriyam Ta Tafi da Tsuntsayenta

Shugaban wannan taro, Babanmu Celestine, wanda ya yi wa jirgin ƙasa aiki har jirgin ya gaji shi bai gaji ba; mai girma Mai Unguwa; Baba Fasto da Malam Liman, da kuka zauna kafaɗa da kafaɗa kamar yadda kuka saba; iyayenmu mata, musamman Mama Roseline, mahaifiyar wadda muka taru dominta; 'yan'uwana 'yan wasa da suka taso daga Jere, da Kauru, da Gwantu, wasu a bas, wasu a kan babur; mutanen Kafanchan masu masaukin baƙi; jama'a maza da mata, manya da yara: salama a gare ku duka, barkanku da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya. Ina godiya ga waɗanda suka bar gona a tsakiyar aikin citta, da waɗanda suka rufe shago, da matanmu da mazajenmu da ke haƙuri da mu duk yammar da muka ce yanzu za mu dawo. Wanda bai san ni ba, sunana Uzochukwu. A kwatas ɗin 'yan jirgi aka haife ni, kayan waya nake sayarwa a bakin kasuwa, kuma a barandar shagona ƙungiyarmu take wasa. Ni ne kuma mutumin da Malama Miriyam ta lallasa a wasan ƙarshe na gasarmu, don haka idan kun ji muryata tana rawa, ku yi mini uzuri.

Mun taru ne mu yi wa Miriyam rakiya, domin ita za ta wakilce mu a babbar gasar da za a yi a Abuja. Kwamiti ya ɗora mini aikin miƙa mata kyautar nan da kuke gani a naɗe a kan tebur. Zan miƙa. Amma kafin in miƙa, ina roƙon shugaba ya ba ni dama in faɗi abu uku.

Na farko na iyayenmu ne, waɗanda har yanzu suke yi mana kallon 'yan karta. Baba Fasto ya taɓa tsayawa a barandata ya daɗe yana kallo, yana jira ya ga inda ake zuba kuɗi, da bai gani ba ya tambaye ni ko dai mun ɓoye ne saboda shi. Ba caca ba ce, Baba. Katunan nan suna da yawa ƙwarai, kowane da hotonsa, kowane da aikinsa: wani dodo ne mai ƙarfi, wani garkuwa, wani magani. Kowane ɗan wasa yakan zaɓi waɗanda yake so ya haɗa su ƙunshi guda, shi muke kira dek, da shi yake shiga fage. Kana ja ɗaya bayan ɗaya kana bugawa. Idan aka karya ka, ka faɗi. Idan kuma katunanka suka ƙare, ka faɗi ko da dodanninka sun cika tebur. Yawancinmu ba ma wahalar da kanmu: mukan duba intanet mu ga abin da gwanayen duniya suka haɗa, mu kwafa. Ni kaina haka nake yi, kuma ban taɓa jin kunya ba sai kwanan nan.

Na biyu, Miriyam. Akwai wani kwali a ƙarƙashin teburina inda muke jefa katunan da ba mai so, muna kiransa kwalin marayu. Da Miriyam ta fara zuwa, bayan ta tashi daga makarantar da take koyarwa, ba ta nemi dodo ko ɗaya ba. Kwalin nan ta jawo, ta zauna tana tsintar tsuntsaye: 'yan ƙananan katuna marasa ƙarfi, waɗanda dodo ɗaya zai share goma da wutsiya. Levi na Gwantu yana nan, ba zai ƙaryata ni ba. Ta taɓa ba shi wani kati mai daraja ya ba ta wata 'yar tsuntsuwa, ya hau babur ya gudu kafin ta sake shawara, har ya isa gida lamirinsa yana damunsa. Levi ne kuma ya raɗa wa dek ɗinta suna Akurki, sunan ya bi ta, ita ma ta karɓa da dariya.

Kada kowa ya ɗauka daga zuwa ta fara ci. Ta sha kashi, ta sha kashi, ta sake shan kashi. Akwai lokacin da in an haɗa ka da Miriyam sai abokai su yi maka barka tun kafin a zauna. Sai dai duk ranar da ta faɗi ba ta tashi da fushi. Takan riƙe wanda ya kayar da ita ta tambaye shi a ina ya ji tsoro, ko da sau ɗaya ne. Washegari ka ga ta cire tsuntsu ɗaya ta sa wani. Haka ta yi ta yi, damina ta wuce, rani ya wuce, mu muna dariya ita tana gyaran akurki.

Ranar gasa kowa ya gani da idonsa. Na zauna gabanta da dodannina, irin waɗanda ake cin kofi da su a manyan birane. Dodannin nan suna da ci: kafin su tashi sai ka ja kati da yawa. Na saki na farko, ta tare shi da tsuntsuwa, tsuntsuwar ta tashi ta koma hannunta. Na saki na biyu, ta tare. Na ƙara ja, na ƙara saki, ita kuwa tana zaune ta tallafe haɓa kamar mai jiran ɗalibai su gama jarrabawa. Ina cikin lissafin yadda zan gama da ita, na miƙa hannu in ja kati, yatsuna suka taɓa katakon tebur, katunana sun ƙare. Jama'a, ban ji haushi ba. Na yi niyyar ji, amma da na ɗaga kai na dube ta, sai na ji ƙaunarta ta kama ni kamar ƙanwar da muka fito ciki ɗaya.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma ina roƙon ku saurare ni da zuciya ɗaya.

Bayan gasa, Saifullahi na Jere ya nuna mana bidiyon 'yan wasan Abuja a wayarsa. Muka ga tebura masu kyau, muka ga katuna masu walƙiya, muka ga samari suna bugawa ba sa ko kallon hannunsu. Gabanmu ya faɗi. Muka ce, yanzu 'yarmu za ta shiga wannan wuri da kayan kwalin marayu? Za su yi mata dariya, kuma dariyar da aka yi mata mu aka yi wa. Sai muka yi abin da muka iya, abin da aka haife mu muka tarar ana yi a ƙasar nan. In za a kai amarya, kowa yakan kawo abin da ya samu. In ɗa zai tafi makaranta, wannan ta kawo gari, wancan ya kawo doya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka yi gudummawa. Saifullahi ya ba da katin da ko matarsa ba ta taɓawa, ya ba direban bas amana ya kawo. Levi ya kawo nasa da kansa cikin ruwan sama, a ƙunshe cikin leda a ƙirjinsa. 'Yan Kauru suka aiko da nasu. Baba Celestine, da bai san dodo daga garkuwa ba, ya sa aka saƙa jakar da za a zuba su. Muka haɗa dek na dodanni wanda babu kamarsa a kudancin Kaduna. Shi ne a cikin naɗin nan.

Mun tambayi juna, mun tambayi intanet, mun tambayi direban bas ko ya iso lafiya. Mutum ɗaya ce ba mu tambaya ba.

Maganar ta kai kunnenta, don Kafanchan ba ta riƙe sirri. Shekaranjiya da rana tsaka sai ga Miriyam a shagona. Ta gaishe ni, ta ajiye wani abu a kan tebur. Na duba, sai na ga 'yan rigunan leda ne da muke sa wa kati don kada ya lalace, fanko, babu komai a ciki. Ta ce in sa wa dodannin, tunda nata rigunan sun fi sabunta. Na tambaye ta ina tsuntsayen. Ta ce ta ɗaure su da roba ta sa a gwangwanin madara. Sannan ta ce:

"Oga Uzo, ka koya mini yadda ake buga dodannin nan. Ba na so in ba ku kunya."

Na ce mata ai ba dole ba ne. Ta yi murmushin yaƙe, ta ce Mama ta riga ta gaya mata cewa abin da jama'a suka haɗa suka ba ka ba a mayar da shi, kuma ba a kai shi ɗaki a ajiye. Wanda ya yi haka ya zubar da mutuncin gidansu. Ta ce Saifullahi ya ba da abin da ya fi so, Levi ya sha ruwa, ita wace ce da za ta ce a'a.

Na koya mata a ranar. Ta koya da sauri, don tana da kai. Amma na zauna gabanta ina kallo, wallahi ban ga Miriyam ba. Na ga wata mata tana buga katin wasu, tana tsoron kada ta lanƙwasa gefen na Saifullahi. Ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Da ta tafi na kasa sayar da ko caja, na zauna ina jin ciwon abin.

Mama Roseline, ina durƙusawa a gabanki da wannan magana. Abin da kika gaya wa 'yarki gaskiya ne, tarbiyya ce, kuma da shi aka rene mu duka. Ba ki yi kuskure ba. Mu ne muka ɗaure ta da igiyar da ba za ta iya kwancewa ba, don igiyar ƙauna ce. Da zagi muka yi mata, da ta rama. Da hana ta muka yi, da ta yi gardama. Amma muka zo da kyauta, kuma 'yar da aka rena da kyau ba ta da makami a gaban kyauta. Garin neman gira muna shirin rasa ido.

Ku duba kuma, 'yan'uwana. Dodannin da muka haɗa, duk wanda zai zauna a Abuja ya san su, ya buga su, ya san inda suke tuntuɓe. Miriyam za ta je ta zama ta ƙarshe a layin masu kwafa, da kayan da ta riƙe kwana kaɗan, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Akurki kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa a can. Ban ce za ta ci ba. Ba ni da wannan alkawari, kuma duk wanda ya yi muku shi ya ruɗe ku. Mai yiwuwa a fitar da ita a zagayen farko, mai yiwuwa a yi dariyar da muke tsoro. To, a yi. Mu ma mun yi, ga inda ta kai mu. In za ta faɗi, ta faɗi da abin da hannunta ya gina, ta riƙe wanda ya kayar da ita ta yi masa tambayarta, ta dawo ta cire tsuntsu ta sa wani. Kujerar nan ta zuwa Abuja ba dodanni suka ci mata ita ba.

Saboda haka ga roƙona, gaban shugaba, gaban iyaye, gaban duk wanda ya sa kati a naɗin nan. Kyauta ba za ta koma ba. Miriyam za ta karɓa da hannu biyu a gabanku, mutuncin gidan Mama yana nan daram. Ba kuma za a kai ta ɗaki a ajiye ba. Idan ta karɓa, kayanta ne, sai ta ba ni aro. Daga gobe har ranar tafiya, kowace yamma zan zauna a barandata da dodannin nan, in buga su da duk ƙarfina kamar ɗan Abuja, ita kuma ta zo da tsuntsayenta ta yi ta gwada su a kaina. In na gaji, Levi ya karɓa. Wannan shi ne aikin da ya dace da gudummawarmu: mu zama dutsen da za ta wasa wuƙarta. Na riga na sha kashi a gaban jama'a sau ɗaya, fatata ta yi kauri.

Saifullahi, ka yarda? Na ga hannunka, Allah ya saka da alheri. Levi? 'Yan Kauru? Madalla. Saura ke, Mama, don ba za ta motsa ba sai kin ce.

Jama'a, kun ji da kunnenku. Mama ta ce, "Ta je da kajinta."

Miriyam, ƙanwata, taso. Share hawayen, mutane suna kallo. Ga kyautar 'yan'uwanki, karɓi. Wannan kuma daga aljihuna ne: rigunanki, ban sa wa dodo ko ɗaya ba. Ki je gida ki buɗe gwangwanin nan.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya ba ki natsuwa a inda ake gaggawa. Waɗanda suka ba da abin da suke so, Allah ya mayar musu da ninkinsa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da tsawon rai, ya albarkaci gonakinmu da kasuwanninmu, ya zaunar da Kafanchan da kewayenta lafiya. Masu komawa Jere, da Kauru, da Gwantu, Ubangiji ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyalinsa cikin salama.

Shugaba, na ci lokaci, a gafarce ni. Na gode, na gode ƙwarai.