Muryar Ardo Daudu da Hadarin Gabas

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Musaddiƙ. Iyayenmu wakilan hakimai, dagatai da masu unguwanni. Malamanmu masu daraja. Shugabannin makiyaya da suka bar garke a hannun 'ya'ya suka zo. Iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfar can. 'Yan'uwa da suka hawo babur daga Roni da Gwiwa, da waɗanda suka matsu a mota tun daga Babura da Kanya Babba. Da ku mutanen Kazaure masu masauki: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Sunana Sa'adiyya Muhammad Nur, 'yar Kanya Babba ce ni, aikin kwamfuta ya kai ni Kano, matsalar kwamfuta kuma ta dawo da ni gida. Ina godiya ga Ƙungiyar Taskar Muryoyi da ta kira ni, ina godiya ga waɗanda suka ba ni masauki duk tsawon damina, ina kuma godiya ga wanda ya sa jawabina bayan an ci abinci, domin duk wanda ya yi gyangyaɗi zan ɗora wa tuwo laifi.

An ce in bayyana abin da ya riƙa kayar da taskarmu, da yadda aka gano shi. Zan bi shi daki-daki.

Na farko, mece ce taskar? Ƙungiyar nan tana bin dattawanmu gida-gida tana naɗar muryoyinsu: tarihin unguwa, waƙar niƙa, kirarin maƙera, tatsuniyar kaka. Muryoyin suna ajiye a manyan kwamfutoci huɗu, ɗaya a Babura, ɗaya a Kazaure, ɗaya a Gwiwa, ɗaya a Roni. Idan murya ta shigo, sai a yayyanka ta gutsi-gutsi, kowane gutsure a ajiye shi a gari fiye da ɗaya, kamar manomin da ya raba irin gero a rumbunan 'yan'uwansa don gudun gobara. Akwai kuma wata taswira da na'urorin ke riƙe da ita tare, wadda ke nuna inda kowane gutsure yake. Ni dai duk lokacin da na tuna da wannan sai in ji wani sanyi a raina. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba, ga muryarta tana tsallake duwatsu da gonaki, farkon waƙarta ya sauka a Roni, amshin ya yada zango a Babura. An gina abin ne yadda idan na'ura ɗaya ta faɗi, sauran ukun za su riƙe, ba wanda zai san an yi tuntuɓe.

Na biyu, cutar. Tun ruwan farko taskar ta fara faɗuwa gaba ɗayanta. Idan aka tayar da na'urorin sai su kama musu, kowace ta ce taswirarta ce ta gaskiya, fayil-fayil su ƙi buɗuwa, wasu ma su ɓace daga gani.

A cikin waɗanda suka ɓace akwai muryar Ardo Daudu na wata ruga da ke bayan duwatsun Roni. An naɗe shi a ƙarshen bazara yana kiran shanunsa, kowace da sunanta. Ranar da ake zuba muryar a taska, allo ya nuna an karɓa, aka goge ƙaramin rikodan don a naɗi wani dattijo, kamar yadda aka saba. A ranar taskar ta yi faɗuwarta ta farko. Ba a jima ba Allah ya karɓi ran Ardo.

Maiɗakinsa, Inna Shatu, tana takaba, don haka ta aiko a kira ni. Na shiga bukkarta na gaishe ta, na yi ta'aziyya. Ta ce, “'Yar nan, an ce ke ce likitan abin nan. Da ruwa ya ɗauke za a raba gado, shanun nan kowace za ta bi nata mai rabon. Ina so su ji shi sau ɗaya suna tare. Ni ma in ji.” Na ce, “Inna, zan yi iya ƙoƙarina.” Na fito na san cewa muddin taskar tana faɗuwa, kowace faɗuwa tana iya binne abin da ya saura na muryar.

Jama'a, babu wanda ban zarga ba. Na zargi fayafayan ajiya, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Na zargi zafi, muka ƙara fanka. Na zargi sola da batir, na zargi intanet, na zargi manhajar har na tono cikinta ina neman kuskuren waɗanda suka rubuta ta. A Gwiwa na zargi ɓera, Malama Ma'u da ke kula da na'urar can ta kawo kyanwa, har yau kyanwar tana nan tana cin albashi ba aiki. Rahoton da na'urorin ke rubutawa da kansu bai taimake ni ba, domin kowace tana cikin magana sai ta yi shiru, ba ƙorafi, ba sallama. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne dukkansu huɗun kusan lokaci guda suke yin shirun, alhali ba wuta ɗaya suke sha ba, ba kuma gari ɗaya suke ba.

Na uku, yadda aka gano. Wata la'asar ina Babura, na fito ƙofar ofis na zauna don kaina ya huce. Gabas ta fara haɗa hadari. Kun san yadda yake: iska ta tsaya cak, gero ya daina kaɗawa, sama ta yi shuɗi-shuɗi ta koma baƙa, ƙamshin ruwan da bai zo ba ya riga shi isowa. Na shagala ina kallo, ina tuna yadda muke gudun kwashe shanya muna yara. Sai na ji Baba Lauwali, dattijon da ke kula da na'urar Babura, yana waya a bayana.

“Sama'ilu, kana Kazaure? To ga shi nan ya taso, mai ƙarfi ne. Ka cire, ka faɗa wa Ma'u a Gwiwa da Shafi'i a Roni su cire. Amanar mutane ce, kada tsawa ta ƙona mana.”

Na waiwaya, na gan shi ya sunkuya ya zare filogin na'urar daga bango, ya naɗe wayar a tsanake, ya lulluɓe na'urar da zane mai tsabta. Na ce, “Baba, kullum haka kuke yi?” Ya ce, “Injiniya, ai tun ruwan farko ba mu taɓa fashi ba. Na ga abin da tsawa ta yi wa talabijin ɗin maƙwabcina.”

Wallahi dariya da hawaye tare suka zo min. Waɗanda suka ƙirƙiro irin wannan taska sun yi lissafin gobara, sun yi lissafin ɓarawo, sun yi lissafin ɗaukewar wuta. Ba su yi lissafin zumunci ba. Ba su san akwai ƙasar da mutumin gabas ba zai ga hadari ya yi shiru ba sai ya sanar da ɗan'uwansa na yamma. Wayar Baba Lauwali ta fi hadarin sauri, don haka garuruwa huɗu suke komawa ɗaki ɗaya. Ana zare wuta na'urorin suna tsakiyar rubutu, gutsure yana hanya, taswira an gyara rabi, sai komai ya tsaya a inda yake.

Ina roƙon kada kowa ya kalli Baba Lauwali da ido ɗaya. Tsoronsa gaskiya ne, tsawa tana ƙona na'ura. Abin da muka yi shi ne muka gyara al'adar, ba mu kashe ta ba. Mun kafa ƙarfen kare tsawa a kowane ofis. Mun sa maɓalli ɗaya babba: a danna shi, na'ura ta ƙarasa rubutunta, ta yi wa 'yan'uwanta sallama, fitila ta yi kore, sannan a zare. Waya kuwa ana ci gaba da bugawa, sai dai maganar ta canza. Yanzu Babura cewa take yi, “Ni zan rufe, ku riƙe.” Wanda hadari ke kansa shi kaɗai ke rufewa. Idan biyu sun rufe, taskar da kanta takan daina karɓar sabon abu ta jira ruwa ya ɗauke. Tun daga ranar ba ta sake faɗuwa ba.

Na huɗu, muryar. Da taskar ta tsaya da ƙafarta, sai muka ajiye taswirar da ta yage, muka bi faifan garuruwan nan lungu-lungu muna tsintar gutsattsarin da ba su da mai su. Muka sami farkon muryar Ardo a Gwiwa, muka sami tsakiyarta a Babura, muka jera su. Ƙarshen kuwa bai taɓa sauka a ko'ina ba. Yana hanya aka zare wuta, ya tafi, kuma babu ilimin da zai dawo da shi. Na yi baƙin ciki, ba zan ɓoye muku ba.

Na koma rugar da hantsi, ana gobe za a raba garken. Ciyawa ta yi tsawo, raɓa ba ta gama bushewa ba, shanun sun bazu a gindin dutse. Inna Shatu ta fito bakin shinge. Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, ba duka na samo ba.” Ta ce, “Kunna abin da kika samo.”

Na kunna lasifika. Muryar dattijon ta fito a hankali, da ɗan tarinsa, da jan sautin nan nasa. Ya kira Wule, wata saniya mai farin goshi ta ɗago kai da ciyawa a bakinta. Ya kira Fure, ta juyo. Ya kira Nyale, ta fara takowa. Garken duka ya daina kiwo, kunnuwa suka miƙe, suka nufo mu sannu-sannu suna neman mutumin da ba ya nan. Ya ja numfashi zai kira ta gaba, sai muryar ta yanke.

Shanun suka tsaya a tsakiyar fili.

Sai Inna Shatu ta gyara mayafinta, ta ɗaga murya, ta kama daga inda ya tsaya. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya da irin jan sautinsa, har ta ƙarshe, wata 'yar maraƙa da aka haifa bayan rasuwarsa. Suka ƙaraso suka kewaye ta, suna shinshinar hannunta. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce min, “Kada ki damu, 'yar nan. Da ransa ma haka yake yi, ya fara ya bar min ƙarshe.”

Iyayena da 'yan'uwana, roƙona gare ku biyu ne. Masu kula da na'urori, ku ci gaba da kiran juna, amma ku rufe bi da bi. Sauran jama'a kuma, duk mai dattijo a gida ya kawo mana shi tun yana iya magana, kada a jira.

An raba garken, kowace saniya ta bi mai rabonta, ba za su sake tsayuwa a fili ɗaya ba. Inna Shatu ta fita takaba, ga ta can a sahun gaba na rumfar mata. Ta yarda cewa da zarar an shafa fatiha za ta zauna gaban makirufo ta kira sauran sunayen, mu ɗora muryarta a daidai inda tasa ta yanke, su zauna a fayil ɗaya, a garuruwa huɗu. Na duba gabas kafin in hau nan, sama fes take. Baba Lauwali, na ga hannunka a aljihu, a bar wayar nan ta huta yau.

Allah ya jiƙan Ardo Daudu, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba Inna Shatu haƙuri da tsawon rai. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya albarkaci amfanin gonarmu da garkenmu, ya bar mana zumuncinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.