Gaisuwar Ɗalhatu a Alƙahira

A tashar Gummi, ana jiran motar Sakkwato ta cika, Malam Makau ya zura wa ƙunshin da ke cinyar wata budurwa ido. Kwana uku ke nan jikarsa Naja'atu na kuka, don ya hana ta tafiya karatu Masar, inda ba ta da kowa.

"Ɗiyata, wanga kilishi duk na wa?"

"Na wata tsohuwa ne a Alƙahira, Baba. Can nake karatu, a gidanta muke haya. Ba ta ba kowa ɗaki sai ɗaliban Zamfara."

"Ikon Allah! Mi Zamfara ta yi mata?"

"Wani ɗalibi ne, Ɗalhatu na Bukkuyum, shekara tara ke nan. Kullum da safe sai ya tuɓe takalmi a ƙofarta, ya durƙusa ya gaishe ta. Da fari ta zaci ciwon ƙafa gare shi, har ta ba shi man zafi."

Dariya ta ƙwace wa Makau. "To, ai baƙo raɓa ne. Ya tafi, an manta."

"Ba ta manta ba, Baba. Bara da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta yi jinyata kwana biyar. Ni ko ganin Ɗalhatun ban taɓa yi ba."

Tsohon ya ɗan ja carbinsa. Can ya ciro waya ya miƙa mata.

"Alheri danƙo ne. Sa mini lambarki. In kin isa, tambayi tsohuwar ko da sauran ɗaki guda. Sunan yarinyar Naja'atu, kuma ta iya gaisuwa."