Kwamfutata Ta Ɓata Ankon Biki

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rifkatu, mai shagon hoto a Sabon Gari.

Makon jiya kwamfutata ta sabunta manhajarta da kanta. Tun daga nan sikirin ke ƙyaftawa, komai ya koma ja-ja. Ban ankara ba, na zauna ina ta rage ja a hotunan bikin wata amarya 'yar Samaru. Da na wanke su, uwar amarya ta duba ta ce, "Rifkatu, ankonmu ruwan hoda ne, wa ya sa mana ruwan toka?"

Na kashe na kunna, na canza wayar sikirin, shiru. Masu sauraro, yaya zan mayar da ita yadda take? Asabar akwai wani bikin, su kuma jan anko suka yi.